Kuɗin da Ba Shi da Ubangida: Me Masu Riƙe Kirifto Suke Gani a Cikinsa?

A watan Maris na 2013 mutanen tsibirin Saifurus suka wayi gari bankunansu a garƙame, aka shafe kusan mako biyu ba a buɗe ba. Da ƙura ta lafa, sai ga shi duk mai ajiyar da ta haura Yuro 100,000 a manyan bankunan ƙasar guda biyu an taɓa masa rarar. A Bank of Cyprus, kashi 47.5 cikin ɗari na abin da ya haura wancan adadi aka mayar hannun jari a bankin da ke tangal-tangal, ba tare da an ji ta bakin mai kuɗin ba. Na biyun, Laiki, rufe shi aka yi ɗungurungum. Shekara biyu bayan haka Girka ta ƙayyade wa kowa Yuro 60 a rana daga injin cirar kuɗi. Ajantina ta riga su tun Disamban 2001, inda ta ce peso 250 kawai mutum zai fitar a mako. A Lebanon kuwa, tun daga ƙarshen 2019 bankuna suka danne dalolin jama'a, har ta kai wasu suna kutsawa banki da makami, ba don fashi ba, sai don a ba su kuɗinsu na kansu.

Duk mai son gane abin da zai sa mutum da hankalinsa ya ɗauki guminsa ya sayi kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, abin da ba a gani, ba a taɓawa, kuma babu gwamnatin da ta tsaya masa, to daga nan zai faro. Kuɗin da ke asusunka na banki ba ajiya ba ce da aka kulle a akwati da sunanka a jiki. Bashi ne kake bin bankin. Lambar da kake gani a wayarka alkawari ne cewa in ka zo za a ba ka. Idan ana zaman lafiya, da alkawarin da kuɗin duk ɗaya suke, shi ya sa ba wanda ke damuwa da bambancinsu. Sai ranar da ka je aka ce maka yau babu.

Akasarin kuɗin duniya a yau rubutu ne a kundi: wane yana da kaza, ya tura wa wance kaza. Kuma kowane kundi da mai riƙe alƙalaminsa. Mai alƙalamin nan yana iya ƙara kuɗi a kundin, wato abin da babban banki ke yi in ya buga sababbi. Yana iya daskarar da layinka. Yana kuma iya ƙin rubuta cinikin da ka yi, ya ce bai yarda da wanda kake tura wa ba. Ba lallai ne ya zama mugu ba. Yawanci ma aikinsa yake yi tsakani da Allah. Amma ikon yana hannunsa, kai kuma ba ka da abin yi sai yarda.

An daɗe ana neman hanyar yin kuɗin intanet ba tare da wannan mai alƙalami ba, abu guda ne yake kawo cikas. In ka tura wa mutum hoto a waya, hoton yana nan a wurinka, kana iya tura wa wasu goma. Da kuɗi haka yake, da kowa ya kashe abu ɗaya sau goma. Dole a sami mai cewa wannan an riga an kashe shi, kuma kafin 2008 wannan mai faɗa a ji kullum banki ne ko kamfani. A ranar 31 ga Oktoban 2008, mako shida da 'yan kwanaki bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers a Amurka, wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takarda mai shafi tara da ta kawo mafita. A ranar 3 ga Janairun 2009 ya kunna tsarin, kuma a cikin shafin farko na kundin Bitcoin ya cusa kanun labarin jaridar The Times na ranar, mai cewa ministan kuɗin Birtaniya yana dab da sake ceto bankuna karo na biyu. Ko bai yi dogon bayani ba, an san da wa yake.

Dabarar ita ce, maimakon kundin ya zauna a hannun mutum ɗaya, kowa na iya sauke kwafinsa a kwamfutarsa. Kusan duk bayan minti 10 ana tattara cinikin da aka yi a zuba a sabon shafi. Masu haƙa, waɗanda aka fi sani da masu mainin, su ne ke tseren liƙa shafin: injinansu suna ta cankar wata lamba da ba a samun ta sai da gwaji ba adadi, wanda ya riga dacewa shi ke liƙawa ya karɓi lada. Kowane shafi yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, shi ya sa ake kiran kundin bulokcen, wato sarƙa ce. Mai son goge wani tsohon ciniki sai ya sake aikin wannan shafin da na duk waɗanda suka biyo baya, kuma ya tsere wa sauran masu haƙa na duniya gaba ɗaya. Wutar lantarkin da ake ƙonawa, wadda masu suka ke yawan kafa hujja da ita kuma ba ƙarya suke yi ba, ita ce katangar. Tsadar yin maguɗi ta fi ribarsa.

Daga nan sai maganar adadi, wadda ita ce ta fi shiga ran masu riƙo. An rubuta a tsarin cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Ladan masu haƙa ya fara da 50 a kowane shafi, kuma duk bayan shafi 210,000, kusan shekara huɗu ke nan, sai a raba shi biyu: ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sai 3.125 a Afrilun 2024. An riga an haƙo sama da miliyan 19, ragowar kuma za ta riƙa ɗiga ne har wajajen shekarar 2140. Ka kwatanta da kuɗin gwamnati. A watan da aka kunna Bitcoin ɗin, Janairun 2009, a watan ne Zimbabuwe ta fitar da takardar kuɗi ta dala tiriliyan 100, wadda ba ta isa cefanen kirki ba. Wanda ya yi shekara talatin yana tara fansho a irin wannan kuɗi, ba ɓarawon da ya shigar masa gida, amma an yashe shi. Ko dalar Amurka da ake tinƙaho da ita, tun ranar 15 ga Agustan 1971 da Shugaba Nixon ya raba ta da zinariya, ba abin da ke ƙayyade yawanta sai shawarar mutanen da ke zama a ɗakin taro.

Mai hankali zai ce, ai miliyan 21 ɗin nan ma rubutu ne a manhaja, wanda ya rubuta kuma yana iya gogewa. Tambaya ce mai kyau, kuma a amsarta ne asalin abin yake. Kowa na iya canza manhajar a kwamfutarsa. Abin da ba zai iya ba shi ne tilasta wa dubban mutanen da ke riƙe da kwafin kundin su karɓi canjin. In suka ƙi, sai ya tarar shi kaɗai yake cin kasuwarsa da wani sabon kuɗi daban. An gwada hakan a 2017. Kamfanoni sama da 50, tare da masu haƙa da ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin injinan duniya, suka ƙulla yarjejeniya a birnin New York cewa za su ninka girman shafi. Ka lura, ba ma adadin kuɗin suka nufa ba, girman shafi ne kawai. Masu riƙe da kwafin kundin da yawancin masu rubuta manhajar suka yi ƙememe, a watan Nuwamba manyan suka janye. Wani ɓangare da ya riga ya ɓalle a watan Agusta ya kafa Bitcoin Cash, wanda har yau bai ko kama ƙafar na asali a daraja ba. A ganina wannan rigima ta fi duk wani tashin farashi bayyana abin da mutane ke saye: sun ga masu kuɗi da masu injina sun haɗa kai sun kasa juya abin.

Gwaji na biyu daga gwamnati ya zo. Kafin 2021 mafi yawan haƙar Bitcoin a ƙasar Sin ake yi. A tsakiyar shekarar hukumomi suka haramta, ƙarfin injinan duniya ya faɗi da kusan rabi. Tsarin kuwa an gina shi ne ya riƙa daidaita wahalar cankar da kansa duk bayan shafi 2,016, kusan mako biyu. Sai ya sassauta, shafuka suka ci gaba da fitowa, masu injina suka kwashe kayansu zuwa Amurka da Kazakistan, kafin shekara ta ƙare komai ya koma yadda yake. Babu ofishin da za a rufe, babu shugaban da za a kama. Shi kansa Satoshi tun 2011 ya yi ɓatan dabo, kuma rashinsa ya zama alheri ga abin da ya ƙirƙira, tunda babu wanda za a matsa wa lamba.

Akwai kuma waɗanda ba hauhawar farashi ce ta kai su ba, toshe hanya ce. A Disamban 2010 kamfanonin Visa da Mastercard da PayPal suka daina isar da gudummawa ga WikiLeaks, shafin intanet mai fallasa asirin gwamnatoci, ba tare da wata kotu ta yanke hukunci ba. A shekara mai bi shafin ya koma karɓar Bitcoin. A Fabrairun 2022 gwamnatin Kanada ta yi amfani da dokar ta-ɓaci ta daskarar da asusun wasu masu hannu a zanga-zangar direbobin manyan motoci. A wannan shekarar dai ƙasashen Yamma suka riƙe kusan dala biliyan 300 na ajiyar babban bankin Rasha. Ba sai ka goyi bayan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba kafin ka ga darasin da masu kirifto suka ɗauka: daga ɗan zanga-zanga har ƙasa mai makaman nukiliya, duk wanda kuɗinsa ke kundin wani, da izinin wani yake kashe shi. Mai Bitcoin a walat ɗinsa na kansa kuwa, wato manhajar ajiyarsa, dukiyarsa kalmomin sirri 12 ce ko 24, waɗanda su ne makullin kuɗin. In ya haddace su, zai iya tsallaka iyaka da rigar jikinsa kawai, ya isa inda za shi, ya sami waya, ya shigar da kalmomin, ya tarar da kayansa cif. Zinariya ba ta yin haka, gida da gona balle.

Sai dai ƙofar da ba ta rufuwa ga wanda aka zalunta, ba ta rufuwa ga azzalumi. Masu kutse da ke kulle kwamfutocin asibitoci da kamfanoni su nemi fansa, da kirifto suke karɓa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kundin a buɗe yake, kowa na ganin inda kuɗi ya fito da inda ya nufa, suna ne kawai babu. A 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya biya masu kutse Bitcoin 75, ba a yi wata biyu ba hukumomin Amurka suka bi sawu suka ƙwato kusan 64. Tsabar kuɗi a jaka ta fi wannan rufin asiri nesa ba kusa ba.

Babbar sukar da ake yi ita ce abin ba ya haifar da komai. Attajirin Amurka Warren Buffett ya taɓa kwatanta shi da gubar ɓera a 2018, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce: gona tana ba da amfani, kamfani yana kawo riba, gida ana karɓar haya, shi kuwa Bitcoin sai dai ka jira wani ya saya a sama da yadda ka saya. Masu riƙo sukan ce ita ma zinariya ba ta haihuwa, kuma kaɗan ne daga darajarta ke fitowa daga amfanin da masana'antu ke yi da ita. Saura duk yardar mutane ce cewa tana da wuyar samu kuma gobe wani zai karɓa. Gaskiya ne, amma zinariya ta yi dubban shekaru tana tara wannan yarda, Bitcoin kuwa bai cika shekara ashirin ba. Abin da za a ba shi shi ne saurin da ya yi. A ranar 22 ga Mayun 2010 wani mai suna Laszlo Hanyecz ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza guda biyu. A Disamban 2024 guda ɗaya ya haura dala 100,000. Kuma dubban mutane sun kwafi manhajar sun fitar da nasu kuɗin, tunda a buɗe take kyauta, amma ba su iya kwafar jama'ar da injinan da tarihin ba. Malaman Musulunci ma sun rabu a kan wannan gaɓar: tsohon muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta mu'amala da shi saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kama da caca, Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a Nuwamban 2021, wasu kuma suna ganin duk abin da mutane suka yarda dukiya ne, dukiya ne.

To amma a faɗi gaskiya, mafi yawan masu sayen kirifto ba Saifurus ce a ransu ba, ba kuma sun karanta takardar Satoshi ba. Sun ji wani ya samu ne. Kwaɗayin riba shi ne babban injin kasuwar, kuma shi ke sa farashi hawa da sauka irin na hauka. Ya kusa dala 20,000 a Disamban 2017, bayan shekara guda yana wajajen 3,200. Ya kai kusan 69,000 a Nuwamban 2021, a Nuwamban 2022 ya gangaro ƙasa da 16,000. Wanda ya saka kuɗin makarantar 'ya'yansa a ƙololuwa, maganar miliyan 21 ba za ta share masa hawaye ba. Abin da ke iya zubar da kashi uku cikin huɗu na darajarsa a shekara guda, da wuya a kira shi ma'ajiya ga mai buƙatar kuɗinsa a wata mai zuwa. Wannan na cikin abin da ya sa gwajin El Salbado bai yi armashi ba. Ƙasar ta mayar da Bitcoin kuɗin hukuma a Satumban 2021, jama'a suka ci gaba da cinikinsu da dala, a farkon 2025 kuma aka sassauta dokar don a sami rancen dala biliyan 1.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutane ke guje wa mai alƙalami su faɗa hannun wani mai alƙalamin da ya fi na farko hatsari. Mutum zai sayi kirifto a kasuwar musaya ta intanet ya bar shi a can. A wannan hali ba Bitcoin gare shi ba, alkawarin kamfani gare shi, kamfanin da sau da yawa ba shi da inshorar ajiya ko mai sa masa ido. Kasuwar Mt. Gox da ke Tokyo ta durƙushe a Fabrairun 2014, Bitcoin kusan 850,000 suka yi layar zana. FTX ta bi sahu a Nuwamban 2022, bayan ta yi ta juya kuɗin masu ajiya a ɓoye. Mai ita, Sam Bankman-Fried, an yanke masa shekara 25 a 2024. A duka biyun ba kundin Bitcoin aka fasa ba, kuɗin da aka damƙa wa kamfani amana ne suka salwanta. Shi ya sa tsofaffin hannu ke maimaita cewa in makullin ba ya hannunka, kuɗin ba naka ba ne.

Riƙe makullin kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. Ka yi kuskure ka tura zuwa adireshin wani daban ko ka tura wa ɗan damfara, babu lambar da za ka kira a dawo maka da shi. Ka ɓatar da kalmomin nan, shi ke nan. Ka rasu ba ka sanar da magada inda suke ba, dukiyar tana nan a kundi kowa na kallo, ba mai iya taɓawa har abada. James Howells na garin Newport a yankin Wales ya yi shekaru yana roƙon hukuma ta bar shi ya tone juji, inda aka zubar da ma'ajiyar kwamfutarsa a 2013 da makullin Bitcoin kusan 8,000 a ciki. Ba a bar shi ba.

Sannan ba duk abin da ake kira kirifto ne marar ubangida ba. USDT, wanda masu aika kuɗi ƙetare da masu gudun faɗuwar kuɗin ƙasarsu suka fi amfani da shi saboda yana bin farashin dala, kamfanin Tether ne ke fitar da shi, kuma yana iya daskarar da adireshi, ya sha yi ma. Yana da amfaninsa, amma amfanin dala ce mai saurin tafiya, ba na kuɗin da ba a iya taɓawa ba. Ethereum, na biyu a girma, da aka sace makudan kuɗi a wani shiri da aka gina a kansa a 2016, jagororinsa da mafi yawan jama'arsa sun amince aka gyara kundin don a mayar wa masu shi. Waɗanda suka ce ba a taɓa kundi suka tsaya a kan tsohon, shi ne Ethereum Classic. Ƙasa da waɗannan akwai tarin kuɗaɗen da mutum uku ko huɗu ke riƙe da akasarinsu, su kambama, jama'a su shigo, su sayar su gudu. Terra ta narke cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022 da dala biliyoyi. OneCoin ma ko bulokcen na gaske ba ta da shi, kuma uwar tafiyar, Ruja Ignatova, tun 2017 ake nemanta. Hujjojin da suka dace da Bitcoin, irin waɗannan suna aron su ne kawai su yi talla.

Yanzu kuma manyan da aka ƙirƙiri abin don a kauce musu sun shigo da ƙarfinsu. A Janairun 2024 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta amince wa kamfanoni irin su BlackRock su buɗe asusun da ke sayen Bitcoin a madadin masu zuba jari. Wannan ya kawo kuɗi masu yawa da kwarjini, amma mai irin wannan hannun jari farashin kawai ya riƙe. Kuɗin nasa yana kundin wani, ana iya daskarar da shi kamar kowane asusu.

Akwai wata matsalar da ke tafe wadda masu riƙo ba su cika son a tayar ba. Katangar da ke kare kundin, ladan masu haƙa ne ke biyan kuɗinta, ladan kuma raguwa yake yi. A wajajen 2028 zai koma 1.5625 a kowane shafi, bayan shekara huɗu a sake raba shi. Tsarin ya dogara ne a kan cewa kuɗin da masu tura kuɗi ke biya a kowane ciniki zai maye gurbin ladan sannu a hankali. Zuwa yanzu, a mafi yawan lokuta wannan kuɗi ɗan ƙaramin kaso ne na abin da masu haƙa ke samu, tashin farashi ne ke rufe giɓin. Kuma yawan masu saye su ɓoye ba sa motsawa, da masu barin nasu a hannun kamfanoni, yana nufin ƙarancin cinikin da za a biya wa kuɗi a kan kundin kansa.